Zauren Dara da Aka Kulle

Bari in ba ka misali, tunda kana ganin ɓoye abu shi ne tattalinsa. A wani gari akwai tsohon zaure ginin tubali, inda maza ke dara da hira tun zamanin kakanni. Rufinsa ɗaurin guga ne, ya tsaya babu ginshiƙi ko ɗaya, bangon kuwa kaurinsa kamu biyu, ko rana ta take ciki sanyi ƙalau. Mai kula da shi jikan maginin ne, wani dattijo mai tsabtar tsiya, yana son zauren nan kamar ransa. Da baƙi suka fara zuwa daga birni suna ɗaukar hoto, sai kansa ya kumbura. Ya dubi ɓawon gyaɗa a ƙasa, ya dubi inda ƙeyar 'yan dara ta goge zanen bango, ya ce ina, ba za a ƙarasa masa gadon kakansa yana kallo ba. Ya sayo ƙaton kwaɗo ya garƙame, ya kora kowa gindin darbejiya.

Bayan damina ɗaya tak ya buɗe wa wasu baƙi, sai warin jemagu ya yi musu maraba. Rufi ya yi yoyo, gara ta fara cin azara. Hankalinsa ya tashi matuƙa, don ya san in rufin nan ya rufta, babu sauran mai iya mayar da shi a garin. Ya je gindin darbejiya ya faɗa wa 'yan dara abin da ya gani. Wani tsohon ɗan dara ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Malam, ai masu gadin ka kora! Duk wanda aka cinye, sama yake kallo don kunya. To wace tsaga ce za ta kwana ba a gan ta ba?" Washegari aka yi gayya, aka kwaɓa ƙasa, aka share indararo, aka yi yaɓe, ana aiki ana tsokanar dattijon, shi ma yana dariya don daɗi. Kwaɗon ya koma ɗakin awaki, kuma da la'asar shi da kansa ya shimfiɗa musu tabarmi.

Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.