Munduwar Iyatu

"Tona nan, Baba!" in ji Bilya mai injin neman ƙarfe. Muka tona gefen tsohon layin dogo, babu komai.

Ni fa ɗan tauri ne, kaf Kura an san ƙarfe ba ya cina. Ranar da jirgi ya kife a nan, da ƙafata na fito. Matata Iyatu ce ko gawarta ba a gani ba. Munduwarta nake nema, in san inda zan tsaya in yi mata addu'a.

Duk inda na tsaya, injin sai kuka. In na matsa, shiru.

Bilya ya ɗago shi zuwa haƙarƙarina, kan wani tsohon tabo. Injin ya ƙwalla ƙara.

"Baba, me ke cikin nan?"

Daidai nan hannunta mai munduwar yake sa'ad da ta ƙanƙame ni, jirgin yana kifewa.