Injiniya Ya Kori Mai Gadin Kabari

"Kafin Juma'a ka kwashe komatsanka, Baba Shahata," in ji Injiniya Raga'i, yana toshe hanci. "Wa ke kwana da matattu a zamanin nan?"

Shekara talatin Shahata na zaune da iyalinsa a ɗakin da ke saman kabarin dangin Raga'i, nan Alƙahira. Shi ke shara, shi ke yayyafa ruwa duk Alhamis.

"Rasuwa aka yi, ranka ya daɗe?"

"Ba ruwanka."

Ranar Juma'a Shahata ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauko shebur ko za a buɗe rami. Sai ga akori-kura. Ba makara a ciki, sai katifa da firiji da uwargidan Injiniya tana sharɓar kuka. Ashe gogan ya sayar da gidansa ya sayi bene a sabon birni, benen kuwa har yau a hoto yake.

Uwargida ta dubi bakin kabarin, ta rantse ba ta kwana nan sai Shahata na kusa.

Tsoho ya warware tabarmarsa. "Bismilla, Injiniya. Duk danginka a kwance na karɓe su. Kai ne ka fara zuwa da firiji."