Wanda Ya Ɗinke Kuben

Tsohon masassaƙin ya ja wuƙar farko, ta ƙi fita daga kubenta. Ya ja ta biyu, ita ma haka. Duk wuƙaƙensa bakwai, wani ya bi ya ɗinke bakin kubensu da zare mai kauri.

Ya ƙwala wa 'yarsa kira. Ta fito tana goge hannu a zani.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi min wannan? Shekara arba'in ina riƙe wuƙa! Ke ce ko? Miƙo min almakashi!"

Ba ta motsa ba. Idonta na kan tabon yankan wuƙa da ya cika masa yatsu.

"Dubi ɗinkin da kyau, Baba."

Ya kai shi kusa da ido. Ɗinkinsa ne.

"Ranar da likita ya ce mantuwar nan ba za ta warke ba, kai ka zauna ka ɗinke su. Ka ce ko kuka kake yi, kada in buɗe maka." Ta share ido. "Kullum da safe sai na faɗa maka, Baba. Wata uku ke nan."