Injin Ya Buga a Kwangila

"Kai ka kashe min mota, mugu!"

Da wannan ta dira garejin Sabon Gari, ana janye da motarta 'yar Beljiyam da igiya tun daga Kwangila, inda injin ya buga.

Wata uku baya, wannan dattijon bakaniken ne ya duba fitilar gargaɗin da ta kama a gaban sitiyari, ya ce sai an buɗe inji. Saurayinta ya ce ƙaryar 'yan gareji ce. Ya karɓi makulli zai kai wa mai kwamfuta a Samaru, da la'asar ya dawo da mota, fitila ta mutu. Ranar har hawayen daɗi ta yi.

"Tunda ka sa mata hannu ba ta sake lafiya ba!"

"Hajiya, gama zagin, sannan ki leƙo."

Ya kwance gilashin, ya sa farce ya ɓare wani ɗan baƙin salatif, ya murɗa makulli. Ga fitilar nan tana ci. Ba ta taɓa mutuwa ba.

Ta ƙura wa salatif ɗin ido. Saura kwana tara a ɗaura mata aure da wanda ya manna shi.