Kabewar Solomiya

Ba a taɓa baƙon da ya san al'adun Yukren kamar Duarte ba. Da bakinsa ya gaya mana. Kallon tsoffin coci-coci ya kawo shi gidanmu kwana uku, ya share wata biyu.

Ranar tafiyarsa ya sami ƙanwata Solomiya a lambu, ya ciro zobe.

"Ki aure ni."

Ta dube shi, ta dubi ƙasa, ta miƙa masa kabewar da take rungume da ita.

Dama ya karanta cewa da kabewa 'yan matanmu na Yukren ke sallamar manemin da ba sa so. Ya rusuna, ya nufi ƙofa.

"Kai, shehin malami!" in ji ta. "Ina za ka da miyarmu?"

"Ai kin ba ni amsa."

"Riƙe mini za ka yi."

Hannu biyu gare ta, kabewar kuma ta cinye duka, babu na karɓar zobe.