Kabarin Ɗan Safta

Katafilar ta tsaya ne bakinta na dab da ƙafar Safta. Tsohuwar ko gezau. Tana zaune a kan 'yar kujerarta gaban sabon kabari, tana cire ciyawa da hannu, karenta kwance a gefe.

Ramin kwal ya riga ya cinye rabin ƙauyenmu. Ya cinye makaranta da gonakin inabi, ya cinye maƙabartar gangare, kuma wannan ce ba za mu taɓa yafewa ba. Kamfani ya yi alkawarin za a tono kowa cikin mutunci, a wanke ƙasusuwa da giyar inabi, a naɗe su a farin ƙyalle kamar yadda muka gada. Da aikin ya fara cin lokaci, sai injiniyansu ya ce a bi sauran da inji. A juji muka riƙa tsinto mutanenmu. Da haƙorinsa na ƙarfe Safta ta gane mijinta Gligore, ta kawo ƙoƙon kansa gida a kwandon wanki. Har yau in na tuna sai raina ya tafasa.

Ba a yi sati ba ta binne ɗanta Ilarie, shi kaɗai ta haifa. "Rami ya cinye shi," iyakar abin da ta ce ke nan, babu kuma wanda ya nemi ƙarin bayani. Akwatin a rufe ya zo. Ƙauye kaf ya fito, muka ci dafaffiyar alkama da zuma, aka kafa gicciye a bakin maƙabartar tudu. Ta lulluɓe gicciyen da ƙyallen da ta saƙa ta ajiye don ranar aurensa.

A wajenmu ba a buɗe kabari sai ya shekara bakwai. Wannan kuwa a kan hanya yake. Katafila ba ta da yadda za ta kai ga sauran matattunmu sai ta bi ta kansa.

Direban, wani baƙo mai suna Kostel wanda bai daɗe da fara aiki a nan ba, ya rasa yadda zai yi, ya buga wa injiniya waya. Kafin injiniyan ya iso, limamin cocinmu Fada Nistor da maƙwabcin Safta, Tudose, da duk wanda ke iya tafiya sun cika wurin.

Injiniya ya zo da farar hular kwanonsa. Bai zagaya ta ƙofa ba, ta ɓarakar shinge da ke bayan tsohuwar bishiya ya sunkuyo. Karen Safta, wanda ya yayyage wandunan ma'aikatan kamfani ba iyaka, ya miƙe yana kaɗa jela.

"Wasan nan ya isa haka," in ji injiniya. "Babu kowa a ramin nan. Kin sani, na sani."

Safta ba ta ɗago ba. "Tudose, gaya wa ma'aikacin kamfani ya ɗauke takalminsa daga kan ɗana."

"Ka dai ji, ranka ya daɗe," in ji Tudose. "Mun san ka ƙware a taka matattu, amma wannan ko bushewa bai yi ba."

Injiniya ya juya. "Fada, har da kai a ciki?"

"Ni akwati aka kawo mini, da uwa tana kuka," in ji Fada Nistor. "Ba aikina ba ne leƙa akwati."

Injiniya ya koma kan Safta. Ya yi ƙasa da murya, ya ce an ba ta gida a gari, mai ruwan zafi da murhu, kuma gwiwar nan tata ta hagu ba za ta ƙara jure wani sanyin a tudun nan ba.

"Tudose, ce masa mai damuwa da gwiwata yana ƙarƙashin ƙasa."

Nan ya ƙule. Ya kai hannu ya fizge ƙyallen daga kan gicciyen, mata suka saki ihu. Sai kuma ya tsaya cak. Ya karanta sunan, ya karanta ranar rasuwar, wadda ta yi daidai da ranar da inji ya bi ta kan maƙabartar gangare. Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa ya kasa jefarwa.

Safta ta dafa gwiwa ta miƙe. A karon farko ta dube shi ido cikin ido, ta warce kayanta.

"Wannan na yaron kirki ne, kada ka ɓata shi. In tonawa za ka yi, ga shebur nan, tona da hannunka. Ka fito da abin da ka samu ka ɗaga wa jama'a, ka ce ga abin da ya rage na ɗan Gligore. Tona mana! Me kake jira?"

Bai taɓa shebur ɗin ba. Ya ɗaga wa Kostel hannu alamar ya kashe inji, ya juya ya sake sunkuyawa ta ɓarakar shingen. Karen ya bi shi. Safta ta daka wa karen tsawa, bai ko waiwayo ba.

Kostel ya sauko daga katafila, ya cire hula, ya yi alamar gicciye a ƙirji. Ya matso kusa da Tudose.

"Allah ya jiƙan yaron, kawu. Ruftawa ramin ya yi da shi?"

Tudose ya tofar da yawu.

"Ina fa. Aiki ya ba shi," ya nuna da haɓa. "Ga Ilarie can da farar hula, yana laluben makullin motarsa."