Ranar da Na Ɗaga Kai

Na shawo kwanar layinmu zan tafi aiki, kaina a sunkuye kamar kullum, ina jiran samarin bencin ƙofar shagon aski su fara yi mini fito da maganganun banza. Shekara uku ke nan, har mayafina an taɓa ja.

Yau shiru.

"'Yata, ɗago kanki!" in ji wata murya.

Na ɗago. Iyayensu mata ne suka cika bencin maƙil, wata tana saƙa, wata tana tsintar wake. Ashe bin su gida-gida da muka yi ni da 'yan matan layin, muna kai musu ƙarar 'ya'yansu, bai tashi a banza ba! Samarin na jingine da bango, sun yi tsuru-tsuru.

Wata tsohuwa ta nuna ɗanta. "Kai, yi fiton mana mu ji. Ko bakin ya mutu ne?"

Matan suka kwashe da shewa. Na wuce ina taku ɗai-ɗai, murna kamar ta kashe ni.

Ranar na san akwai ƙatuwar bishiyar mangwaro a layinmu, har ta yi fure. Da, ramukan hanyar kawai na sani.